Akushin Gwaggo Barira

Tun da gari ya waye Gwaggo Barira ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa zaure, ta dawo ta tsaya gaban jeren kwanukanta tana kallon gurbin da baƙin akushinta yake zama. Na uwarta ne, ita ma uwar tata gadonsa ta yi. In an zuba tuwo a cikinsa da hantsi, har la'asar da ɗuminsa. Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu a Haɗeja, shi ta ɗora a ka ta fita, ta bar katifa da akwatin zannuwa.

Ga yadda aka yi. Hajiya Uwa, surukar Sunusi ɗan ƙanin Barira, ta zo daga Kaugama ganin jikan da aka haifa mata. Barira ta ce baƙuwa irin wannan ba a tarbarta da taliya a kular roba. Ta surfa gero da kanta, ta ɓarza, ta turara biski ya yi washar-washar. Ta gyara bandar tarwaɗa ta cire ƙaya, ta haɗa miyar yakuwa da gyaɗa da daddawa, ta soya man shanu da albasa ta kwarara a kai. Ta rufe akushin da faifai ta aika.

To, abinci ake bayarwa, kwano dawowa yake. Kuma ba ya dawowa haka nan, sai an jefa ɗan wani abu a ciki, ko goro ne, ko sabulu. Baƙuwa ta tafi, akushi shiru.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Sunusi, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Kai Sunusi, fito nan! Ina akushina?"

Ya fito yana sosa ƙeya. "Gwaggo, ina kwana. Ai ya tafi Kaugama."

"Da ƙafarsa?"

"Hajiya ce ta yi ta juya shi tana yabawa, wai rabonta da irinsa tun tana budurwa. Ni kuma nauyinta ya kama ni, sai na ji bakina ya ce, ai Gwaggo ta ce a bar miki."

"Ni na ce? A ina? A mafarkinka?"

"Zan sayo miki kula, mai kyau, 'yar waje."

"Ka sayo ka zuba kanka a ciki!"

Adila, matarsa, ta ɗaga labule da jariri a kafaɗa. "Don Allah Gwaggo ki rufa mana asiri. Abin da aka ba suruka ai ba a karɓowa."

"Wanda ya bayar shi zai ji kunya. Ni ban bayar ba."

Daga nan sai ƙofar mai unguwa. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce a yi haƙuri, maganar zumunci ce. Haƙuri! Kullum dai tsohuwa ce za ta yi haƙuri, yaro ya yi kyauta da abin da ba nasa ba a ce zumunci. Ta kakkaɓe zaninta ta tare ɗan acaɓa zuwa tasha.

A motar Kaugama ta hana kowa sakat. Direba ya tsaya ɗaukar buhun shinkafa, ta yi masa faɗa. Ya tsaya shan mai, ta ce da gangan ne. A ranta tana ta hango akushin an jiƙa shi a ruwan omo, ko an shanya shi a rana ya tsage, ko an bar wa kaji suna tsattsagar dusa a ciki.

Hajiya Uwa ta tarbe ta da murna, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Barira ta buɗe baki za ta fara, Hajiya ta ce, "A'a, Yaya, baƙo sai ya ci tukuna." Ta shiga ta fito riƙe da akushin, tuwon shinkafa a ciki, miyar kuka a gefe.

Barira ta ƙura masa ido. An shafe shi da man shanu yana sheƙi, har ɗan tsagin bakinsa an bi da mai. Matar nan ta san abin da ta riƙe. Wannan ya fi komai ɓata mata rai, don da ta tarar an wulaƙanta shi da maganar ta yi sauƙi.

Ba a magana a kan abinci. Barira ta wanke hannu, ta ci gabanta. Ta bar ɗan saura yadda baƙo yake bari, ta yi hamdala.

"Hajiya, tuwo ya yi daɗi. Amma ni kwanona na zo ɗauka."

"Wane kwano?"

"Wannan. Biski na aiko miki, ban aiko miki da akushi ba. Yaron nan ƙarya ya yi miki don kunya."

Matan da ke tsintar shinkafa a gindin rumfa suka sunkuyar da kai. Hajiya Uwa ta dube ta.

"Na gaya wa duk garin nan irin karamcin dangin mijin 'yata," ta ce a hankali.

"Karamcin yana nan. Akushin ne dai ba ya ciki."

Hajiya ta ɗauke shi, ta juye sauran tuwon a wani kwano, ta ɗauraye, ta goge da tsumma, ta ajiye a gaban Barira. Ba ta zauna ba.

Barira ta leƙa ciki. "Haka zai tafi? Ko goro ɗaya?"

"Wanda aka mayar ake sa wa abu, Yaya. Wannan zuwa aka yi aka karɓa."

Babu wanda ya tashi raka ta. Ta ratsa zauren ita kaɗai, ta san kafin ta isa Haɗeja waya ta riga ta, Adila na can tana kuka. Ta tsaya a ƙofar gida kamar za ta juya. Sai ta cusa akushin ƙarƙashin mayafi, ta ƙanƙame shi da hannu biyu, ta kama hanyar tasha da sauri.