Layin da ke Jikin Fida

A asibiti, wani direba ya miƙa wa nas fidar shayar da jariri da hannu biyu, kamar mai miƙa shaida a kotu. A kan gadon, jaririyarsa na kwance da allurar ƙarin ruwa a hannu, leɓɓanta a bushe, ko kuka ta daina.

"Wannan ai ta girmi aurena," in ji nas, tana juya fidar. "Da ita kuke auna mata madara?"

"Da ita aka shayar da yayyenta duka, ranki ya daɗe."

Tun da nonon matarsa ya ƙafe, shi ke haɗa madarar kafin ya fita aiki, don bai yarda da awon kowa ba. Layukan fidar na awon oza ne, tsohon gwangwanin madarar ma da oza yake bayani. Sai doka ta fito cewa mililita kaɗai za a riƙa rubutawa a jikin kaya. Sabon gwangwani ya zo da sabon cokali, da lambobin da ba su yi kama da na fidar ba. Ya tambayi mai kanti.

"Duk kanwar ja ce, maigida. Tufafi kawai suka sauya mata."

Shi kuwa tsoronsa kada yarinya ta sha tsurar ruwa ta rame. Sai ya riƙa ƙara cokali, ya girgiza har ta yi kauri, yana jin daɗi a ransa.

Nas ta buɗe fidar, ta karkata ta. Ragowar madarar ta gangaro da ƙyar.

"Inna lillahi! Wannan madara ce ko fenti? Ƙodar jariri ba ta ɗaukar wannan. Likita ya ce sai mun ga ko za ta yi fitsari. Wa ke haɗa mata?"

Direban ya buɗe baki, sai ya kau da kai. Matarsa, da ke zaune a bakin gado, ta dube shi sau ɗaya.

"Ni ce," ta ce.

"Ke? Uwa guda, da 'ya'ya reras? Haba baiwar Allah, ko tambayar maigidanki ai kya yi!"

Matar ta sunkuyar da kai, faɗa na sauka a kanta, matan sauran gadajen na leƙe. Direban ya tsaya yana kallon busasshen zanen da ke ƙarƙashin yarinyar.

Da nas ta gaji, ta juyo gare shi.

"Daga yau, maigida, kai za ka riƙa haɗawa."

"To," ya ce.