Ƙofar da Take Ramewa

Duk wanda ya tashi a Herat ya san ƙofar zangon fatake ta unguwar maƙeran tagulla, ya kuma san zolayar da ake yi a kanta, wai ita kaɗai ce ƙofar da take ramewa. Tsofaffin fatake sukan rantse cewa a zamanin kakanninsu raƙuma biyu ke shigarta kafaɗa da kafaɗa, kowanne da kayansa. Yanzu kuwa guda ɗaya ma sai da lallashi, buhunan auduga suna gogar bango. A bangon dama na ƙofar nan ake rubuta sunan mai mulkin gari da tubalin tangaran mai sheƙi, kuma gidan su Usta Sarwar, wato Gwani Sarwar, ke wannan aiki tun ba a san farkonsa ba.

Aiki ne na ɗaukaka, amma da abin kunya a gindinsa. Garinmu kamar tuwon biki yake, kowa da hannunsa a ciki. Kabul ta aiko nata, Kandahar ta aiko nata, Farisa ta jawo igwa ta yi wata da watanni a bakin ganuwa. Kuma duk wanda ya ci garin, kafin ya tambayi ko akwai alkama a rumbu, sai ya aika a fasa sunan wanda ya gabace shi. Wa zai fasa? Ɗan wanda ya rubuta. Shi ya sa ake kiran su gidan masu fasa aikin ubansu.

Sarwar yana da shekara goma sha tara ya ga mahaifinsa, Usta Faizullah, ya ratsa kasuwa da buhu a kafaɗa, gutsattsarin aikin kakansa suna ƙara a ciki, zai kai fada shaida. Ranar ya gaya wa tsohon maganar da ɗa ba ya gaya wa uba, ya bi ayari zuwa Mashhad. Bai dawo ba sai da annoba ta ɗauke tsohon, ya tarar da kabari da tanderu mai sanyi. Abin da ya gada bai wuce dokoki biyu da aka cusa masa tun yana yaro ba. Ta farko, aikin ƙofa a bayan tabarmi ake yin sa, mutum shi kaɗai. Ta biyu, kowane sunan sarki sau biyu ake gasa shi, ɗaya a kai bango, ɗaya a jera a ɗakin ajiya. Wannan ta biyun Sarwar ya ɗauke ta ɓarnar itace da tsofaffi suka mayar addini.

To, shekara ashirin da biyu rubutun Usta Faizullah yana bangon, sai ga sabon hakimi daga Kabul. Bai kwana bakwai ba ya aiko magatakardansa, Mirza Nizamuddin, wani siririn dattijo ɗan asalin gari mai tawada a yatsu.

"Usta, ka san abin da ya kawo ni," in ji Mirza, bai ko taɓa shayin da aka zuba masa ba. "Ranar Alhamis da hantsi ake son buhun a fada."

"Mirza, aikin babana ne. Shi kaɗai ya rage a bangon garin nan da hannunsa ya taɓa."

"Na sani. In ka ƙi, za a rushe tanderunku a ba wani maginin Kabul aikin, shi kuwa da gatari zai yi. In kuma ka yi wata dabara aka gane, hannunka na dama ne. Ba ni na faɗa ba, isarwa nake."

Washegari da sassafe Sarwar ya rataya tabarmi a bakin bangon. Zargun mai gadin zangon, wani ƙaton Bakandahare da suka saba tsokanar juna, wanda Sarwar ke kira Lala, wato yaya, yana zaune a kan dakali yana cin gurasa da inibi.

"A'a, yau sana'ar gado ta motsa ke nan!" in ji shi. "Usta, in ka gama da babanka ka zo ka fasa mini goro, haƙorana sun gaji."

"Lala Zargun, bakinka ya fi ƙofar nan faɗi. Da ta cikinsa ake shigar da raƙuman, da an huta."

Ya faɗa ne kawai, bai tsaya jin amsa ba. Ya shiga bayan tabarmin ya tsaya gaban rubutun. Farin harafi a kan shuɗi, ga reshen inibi yana nannaɗe da sunan, ko tsaguwa ɗaya babu. Ya ɗaga guduma, hannun ya ƙi. Sai ya ce bari ya fara ta sama, inda ba zai ga fuskar aikin ba. Ya hau tsani ya ɗaga duwatsun da suka rufe kan bangon.

Abin da ya gani bai gane shi ba da farko. Tangaran ɗin babansa ba a jikin bango yake manne ba. An gina masa siririn bango nasa na kansa, a bayansa kuma an cusa ƙaiƙayi da busasshiyar laka, kaurin yatsu huɗu. Ya sa hannu ya yaye ƙaiƙayin. Wani abu ya yi ƙyalli a ƙasa. Ya ƙara tonawa, sai ga ɗan fure rawaya mai ganye biyar, alamar da kakansa yake sa wa a kusurwar duk aikinsa.

Sarwar ya riƙe tsanin da kyau, ya sake dubawa. Aikin da ya ga an kai fada a buhu, aikin da ya zagi ubansa a kansa, ga shi nan tsaye lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ya sauko, ya aro madubi wurin wanzamin bakin zango da sunan wani abu ya faɗa masa a ido, ya sake hawa. Ya ci gaba da ɗaga duwatsu, yana karkata madubin yana jefa hasken rana cikin ramin. Bayan na kakansa akwai ƙaiƙayi, bayan ƙaiƙayin akwai wani rubutun. Bayan wannan ma akwai wani. Ga sunayen gidajen sarautar Kandahar guda uku a jere, waɗanda suka ƙwaƙule wa juna idanu a kan garin nan, yau suna jingine da juna shiru. Ga lanƙwasasshen rubutun Farisawa kamar an zuba shi da ruwa. Can ciki kuma ya ci karo da wani shuɗi da bai taɓa sanin wuta tana iya haifarwa ba, mai duhu, da ɗigon zinariya, aikin zamanin jikokin Taimur, lokacin da daga Herat ake aika umarni har Samarkand. Shekara ashirin yana neman rabin wannan launi a tanderunsa bai samu ba.

A ƙarshen duka, inda madubin ke kaiwa da ƙyar, akwai tsohon bangon asali na jan tubali, da haruffa masu kusurwa launin sararin sama, na sarakunan duwatsun Ghor. Gefensa ɗaya baƙi ƙirin da hayaƙi. Sarwar ya san wace gobara ce, kowa a Herat ya sani, ita ce ta shekarar da Mongol suka bar garin ba mai kiran salla. Wani ya tsira daga wannan wuta, ya dawo cikin toka, aka ce ya fasa, shi kuma ya nemo ƙaiƙayi.

Ya ƙirga, goma sha ɗaya, da na babansa sha biyu. Ya kama salati a hankali. A saman kowace laka, a kusurwa, an danna babban yatsa tun tana ɗanya. Yatsu manya da ƙanana, har zuwa na kusa da shi, mai tabo a tsakiya, inda wuƙar yankan tangaran ta taɓa yanke yatsan Usta Faizullah. Sarwar ya sa nasa yatsan a cikin gurbin, ya zauna daidai. Nan ya kifa goshi a kan dutse ya yi kukan da bai yi a kabari ba.

"Usta!" Zargun ya ƙwala daga waje. "Tun safe ban ji guduma ba. Ko tsohon ne ya riƙe maka hannu?"

"Shi ne, Lala," in ji Sarwar. Ya ɗauki guduma ya shiga dukan wani banzan dutse don kunnen kasuwa.

Da azahar ya buɗe ɗakin ajiya. Abokin rubutun babansa yana nan jere a kan katako, ƙura ta rufe shi, shi kaɗai, babu na kakansa, babu na kowa. Yanzu ya san inda suka tafi. Ya share shi, ya dube shi son ransa, ya yi bismilla ya farfasa. Kwana uku yana shigar da ƙaiƙayi da tubali bayan tabarmi cikin buhunan da kowa ya zaci na kwashe tarkace ne. Ya lulluɓe aikin tsohon kamar mai rufa wa jariri zane, ya tada sabon bango a gabansa, ya danna yatsansa a laka.

Ranar Alhamis ya ratsa kasuwa da buhu a kafaɗa, maƙera suna bin sa da ido, wani ya tofar da yawu. A farfajiyar fada Mirza Nizamuddin ya sa ya zazzage a ƙasa, wani sojan Kabul yana tsaye a kansu da bindiga. Mirza ya tsuguna yana haɗa gutsattsarin har sunan ya fito. Sannan ya juya guda ɗaya ya dubi bayansa. Ya juya na biyu.

Sai a lokacin Sarwar ya lura. Bayan tangaran ɗin fes yake, ko ɗigon farar ƙasa babu. Abin da ya shekara ashirin da biyu a bango ba ya fitowa haka, yaro ma ya sani. Ya ji hannunsa na dama ya yi sanyi.

"Kai," Mirza ya ce wa sojan, "tawadata ta bushe. Jeka ɗakina ka ɗauko mini ɗaya kwalbar."

Sai da takun sojan ya ɓace ya yi magana, bai ɗago kai ba.

"Babanka ya fi ka hankali, Usta. Shi da ya kawo wa babana buhunsa, sai da ya shafe bayan kowanne da farar ƙasa ya bar shi kwana biyu a hayaƙi." Ya shiga tura gutsattsarin da ƙafa cikin taɓon bakin kwata yana tattakawa. "Taya ni, kada ka tsaya kamar gunki."

Suka tattake tare. Can Mirza ya matso, muryarsa ta koma ta yaro mai tambayar labari.

"Nawa ne a ciki? Mu gidanmu rubutawa kawai muke yi, an fasa, an fasa. Babana ya ce tara ne, kakana ya ce sun fi. Ba wanda ya taɓa gani."

"Sha biyu, Mirza."

"Sha biyu!" Dattijon ya dafa ƙirji. "Har da na Ghor?"

"Har da shi. Wuta ta lashe gefensa, amma ana karantawa."

Mirza ya juya ya dubi garin daga kan tudun, hasumiyoyi da rufin kasuwa da hayaƙin maƙera, leɓɓansa suna motsi, idonsa ya cika. Da sojan ya dawo ya karɓi tawada, ya buɗe littafi, ya rubuta da kyakkyawan hannu cewa an fasa.

Bayan wata guda aka yaye tabarmi, sunan sabon hakimi ya bayyana yana sheƙi. Ranar kuwa wani raƙumin 'yan Balkh ya maƙale a ƙofar da kayansa, Zargun yana turawa ta baya yana tsine wa duk wanda ya gina ta.

"Wallahi ta ƙara ramewa! Usta, kai da ka san gini, me ke cin ƙofar nan?"

"Sarauta ce, Lala," in ji Sarwar.

Ya bar shi yana zage-zage ya koma gida, don tanderu ya huce, kuma akwai sauran aiki. Ya fito da tubalan gashi na biyu na sunan sabon hakimi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ɗakin ajiya ya jera a kan katakon da babu kowa. Sannan ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe bayan kowanne, don kada wanda zai zo bayansa ya yi irin kuskurensa.