Ranar da Rodel Ya Kai Babansa Amurka

Rodel Magtibay ya shekara huɗu yana aiki a wata mayankar aladu da ke bakin wani ƙaramin gari a Manitoba ta ƙasar Kanada lokacin da takardar izinin aikinsa ta zo gab da ƙarewa. In ya nemi sabuwa ta intanet sai ya yi watanni yana jira, katin asibitinsu kuwa tare da takardar zai mutu, ga matarsa Jovelyn da ɗanyen goyo. Abokan aikinsa, waɗanda yawancinsu 'yan Filifin ne irinsa, suka ce kada ya wahalar da kansa, ya je ya zagayo tuta kamar kowa. Wato ya tuƙa mota har ƙofar Amurka, su ce ba shi da biza ya koma, ya juyo ya shigo Kanada kamar sabon zuwa, a buga masa takardarsa a ranar.

Abin da ya ɓata lissafin shi ne babansa yana gidan.

Baban, Mang Delfin, ya zo ne daga garinsu Olongapo na Filifin don baftismar jikarsa. Mai aski ne. Tun yana saurayi yake riƙe da almakashi a wani shago daura da ƙofar sansanin sojojin ruwan Amurka, ya yi ta aske kawunan Amurkawa har sansanin ya tashi. Daga bakinsu ya ɗauki Turancinsa, da zaginsu da barkwancinsu. Ya san sunayen garuruwansu, ya san inda ake dusar ƙanƙara da inda ake kiwon shanu, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar ba. Shi kuwa Rodel, tun zuwansa Kanada, in suna waya da baban, wanda yake kira Tatay, sai ya ce, "Amurka ai ga ta nan, Tatay, kamar daga gida zuwa kasuwa. Duk ranar da na ga dama shiga nake yi." Bai taɓa shiga ba. Haka kuma ya gaya wa mutanen gida cewa shi ne shugaban sashensu a wurin aiki. Da fari ya faɗa ne don hankalin tsofaffi ya kwanta, daga baya maganar ta yi nisa, ya rasa ta inda zai kamo ta.

Ana gobe tafiya, suna cin abincin yamma, wani abokin aikinsa ya bugo yana kwatanta masa hanya. Rodel ya ce, "To, da asuba zan kama hanya, kafin layin Amurka ya yi tsawo."

Mang Delfin ya ajiye cokali. "Amurka za ka gobe?"

"E, Tatay. 'Yar maganar takarda ce, yanzu zan dawo."

"To ai da ni za a je."

Jovelyn ta ɗago ta dubi mijinta. Rodel ya ce hanyar da nisa, babu abin gani sai gonaki. Tsohon ya ce shi ma gonakin yake son gani. Ya tambaya ko fasfonsa ya isa, Rodel ya ji bakinsa yana cewa, "Ya isa mana, tunda kuna tare da ni."

A kicin Jovelyn ta tare shi, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai, kana da hankali kuwa? Je ka gaya masa yanzu."

"Da safe zan gaya masa."

"Da safen ma cewa za ka yi sai a mota. Na san ka. Leƙa ka ga abin da yake yi."

Ya leƙa. Tsohon yana zaune a bakin gado, ya shimfiɗa jarida a ƙasa, yana goge takalmin da ya tanada don ranar baftisma.

Da safe Mang Delfin ya riga kowa tashi. Ya sa farar rigarsa mai aiki a ƙirji a ƙarƙashin rigar sanyin da Rodel ya ara masa, gashinsa ya sha mai yana ƙyalli. Rodel ya dube shi, ya ce wa kansa zai gaya masa in sun fita daga gari. Da suka fita daga gari ya ce sai sun sha mai. A gidan mai tsohon ya saya musu kofi da hannunsa, yana wasa da yarinyar kanti da Turancin 'yan jirgin ruwa har ta yi dariya. Suka hau babbar hanya. An gama girbi, gonaki kwance fayau har inda ido ya ƙare, agwagin daji suna ta wucewa kudu a sama.

"Ka gani, su ma can za su," in ji Mang Delfin. Ya ciro waya ya kira amininsa Temyong ta bidiyo, wanda ya bar wa shagon. Can Olongapo dare ya fara yi, tsofaffin unguwa suna zaune a bakin shago, fuskokinsu suka cika wayar.

"Temyong! Tsohon banza, ka san inda za ni? Amurka! Yaron nan ne zai kai ni."

"Ƙarya kake, Delfin! Wa zai bar mai kunne irin naka ya shiga?"

"Zauna nan kana aske ƙeyar 'yan acaɓa. In na dawo sai ka biya kafin ka gaisa da ni."

Ya juya wayar wajen Rodel. Tsofaffin suka yi ta ɗaga masa hannu suna kiransa babban mutum, suna cewa Delfin ya yi sa'ar ɗa. Rodel ya yi musu murmushi. Bayan wannan kiran kuwa bakinsa ya mutu gaba ɗaya. Sau biyu ya ce "Tatay", sau biyu tsohon ya juyo da fara'a, shi kuma ya ƙare da tambayar ko zafin motar ya yi masa daidai.

Da hantsi suka wuce garin Emerson na bakin iyaka, tutoci suka bayyana. Mang Delfin ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗora fasfonsa a gwiwa. Da layi ya zo kansu, jami'in da ke cikin rumfar, wani matashi mai jan gashi, ya karɓi fasfo biyun ya tambayi inda za su.

Tare suka amsa. Rodel ya ce, a hankali, sun zo zagayen tuta ne. Babansa kuwa ya sunkuyo ta gabansa ya ce da ƙarfi, "Barka da safiya, yallaɓai! Yawon buɗe ido za mu, ɗana zai nuna mini ƙasarku."

Jami'in ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya buɗe fasfon tsohon ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne gaskiya a ciki? Shiga za ku yi ko juyawa? Babu bizar Amurka a ko ɗaya daga cikin fasfon nan."

"Juyawa za mu yi," in ji Rodel.

"Amma shi ya ce yawo za ku."

Motoci sun taru a bayansu. Babu wata hanya, kuma Rodel ya san babansa ya fi shi jin Turanci.

"Babana bai sani ba," ya ce. "Ban gaya masa ba. Ni ma ban taɓa shiga ba. Takardar aikina nake so in sabunta."

Bai juya ya dubi gefensa ba. Ya dai ji tsohon ya koma ya jingina da kujera.

Aka nuna musu inda za su ajiye mota, aka shigar da su wani ɗaki mai benci da kanta. Babu wanda ya yi musu tsawa. Wata jami'a ta ɗauki hoton yatsunsu, ta yi 'yan tambayoyi, ta miƙo wa kowannensu takarda mai nuna cewa ya zo ƙofa an mayar da shi. Mang Delfin ya ciro tabarau ya karanta tasa tun daga sama har ƙasa. Sannan ya tambayi matar, cikin ladabi, ko nan inda yake tsaye Amurka ce.

"Amurka ce," ta ce.

Ya dubi daɓen da ke ƙarƙashin takalminsa, ya gyaɗa kai. Ya sake tambaya, in wata rana ya nemi biza, wannan takardar za ta hana shi? Ta ce ba lallai ba, amma in an tambaye shi ko an taɓa mayar da shi daga kan iyaka, ya faɗi gaskiya. Ya yi mata godiya, ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji.

Suka shiga mota, wani jami'i ya buɗe musu 'yar hanyar juyawa. Tafiyar ba ta kai a sha ruwa ba sai ga su a ƙofar Kanada.

A nan ne aka yi zaman jira. Ɗakin cike yake da masu irin buƙatarsa: ɗalibai 'yan Indiya da jakunkunan takardu, wata mata da 'ya'yanta biyu suna barci a jikinta, wasu direbobin manyan motoci. Kowa ya san abin da ya kawo kowa, ba mai kallon wani. Rana ta take, ta karkata. Mang Delfin yana zaune a miƙe cikin farar rigarsa, hannuwansa a kan gwiwa, shi kaɗai ne a ɗakin ya yi shigar biki. Rodel ya kawo masa ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

Da aka kira sunan Magtibay, jami'ar ta ce su zo tare, tunda za ta duba fasfon tsohon shi ma. Ta buɗe takardun kamfani tana dubawa.

"Gaya mini da bakinka, mene ne aikinka a wurin?"

Rodel ya ce, "Ina kan layi."

"Kana yin me a kan layin?"

"In an fede alade ya iso gabana, ni nake ciro kayan cikin."

"Akwai ma'aikata a ƙarƙashinka?"

"Babu."

Ta rubuta, ba tare da ta san abin da ta taɓo ba. Ta ce komai ya yi daidai, kamfanin ma ya yabe shi, bai taɓa fashi ba. Can na'ura ta yi ƙara, ta miƙo masa sabuwar takarda da ɗuminta, ta ce ya duba ko sunansa ya fita daidai. Ya duba. Abin da ya zo nema ke nan, ya samu, amma ji yake kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Sun yi nisa a hanyar gida. Rana ta yi ƙasa, a can Olongapo gari ya fara wayewa, sai wayar tsohon ta ɗauki ƙara. Temyong ne. Mang Delfin ya dubi sunan, ya kife wayar a cinyarsa har ta gaji ta yi shiru. Ta sake, ya sake barinta.

Rodel ya gangara gefen hanya ya tsayar da mota kusa da wani rumbun hatsi.

"Tatay, ku yi haƙuri."

Tsohon yana kallon gaba.

"Kayan cikin alade," ya ce. "Ni da na shekara talatin ina share gashin wasu daga ƙasa, ni zan raina maka wannan? Da me ka ɗauka na ciyar da ku?"

"Na ji tsoron ku ce na zo nan a banza."

"Wa ya gaya maka? Uwarka kullum tana cewa Rodel yana zaune a ofis, bayansa zai huta. Da ta san a tsaye kake wuni cikin sanyi, ai da addu'arta daban ce." Ya numfasa. "Wannan duk mai sauƙi ne. Kana zaune a gefena na kira Temyong. Kana ji yana mini tsiya ina ramawa. Kalma ɗaya za ka ce, in kashe wayar. Ka bar ni."

Rodel ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya kai masa mari kamar lokacin yana yaro. Tsohon bai yi ko ɗaya ba. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza su.

"Tada motar," in ji Mang Delfin. "Yarinyar nan tana can ita kaɗai da jaririya."

Jovelyn ta ji tsayuwarsu ta buɗe ƙofa. Ta dubi fuskar surukinta, ta dubi ta mijinta, sai ta ce miya tana kan wuta. Tsohon ya wanke hannu, ya karɓi jikarsa ya shige ɗaki da ita yana mata waƙa ƙasa-ƙasa. Rodel ya miƙa wa matarsa takardar. Ta karanta ranar ƙarewarta, ta sa a cikin durowa, ta zuba masa abinci.

Ranar Lahadi aka yi baftisma. 'Yan wurin aiki suka cika gidan da tukwane da hayaniya, wani ya tambayi Rodel a gaban kowa yaya zagayen tuta, ya ce lafiya lau. Mang Delfin ya yi raha da kowa, ya rera waƙa biyu a makirfo, aka tafa masa. Da ɗansa ma yana magana, sai dai ta abinci da ta sanyi da ta jaririya. Bayan mako biyu Rodel ya kai shi filin jirgi a Winnipeg. A bakin ƙofa tsohon ya kama hannayensa biyu ya juya su, ya dubi tsagar wuƙa da kantar da ke jiki, ya ce ya riƙa shafa mai kafin ya kwanta.

Abin da ya gaya wa Temyong da sauran tsofaffin da ya koma, Rodel bai sani ba, bai kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Sai dai tun daga lokacin, in uwarsa ta bugo, takan fara da tambayar ƙafafunsa, ko suna kumbura, ko kamfanin yana ba su takalmi mai kyau. Shi kuma ya amsa mata yadda abin yake.