Makullin Doña Eulalia

Tun da Farfesa Anselmo Urrutia ya fara kai ɗalibansa unguwar ma'aikatan mayankar kaji, bai taɓa zama ya kalli fim tare da mutanen ba. Yakan yi jawabinsa a zauren coci, ya kashe fitila, ya zame waje. Abin yana cin ransa, amma bai taɓa hana shi cin tamales ɗin da ake kawowa ba, wato ƙullun masara da ake dafawa a cikin ɓawonta.

Tsarin darasin ya yi kyau a takarda. Ɗalibai su nazarci finafinan harshen Sifaniyanci, su nuna wa mutanen unguwar ɗaya daga ciki, sannan su zaɓi ƙungiyar da za a ba tallafin jami'a. Kowace shekara sukan zaɓi fim ɗin masu ƙetare hamada, masu ƙishirwa da binne 'yan uwa a hanya, su nuna wa waɗanda suka ƙetare hamadar da ƙafarsu. Ɗaliban su sha kuka, su samu maki, a ɗauki hoto.

Bana Doña Eulalia, dattijuwar da ke riƙe da makullin zauren, ta ce ba za ta buɗe ba. Idan babu zaure babu darasi, kuma shugabar sashensa a jami'a ta daɗe tana neman dalilin soke shi.

Ya same ta a ɗakin girkin cocin tana naɗe ƙullu a ɓawon masara. Ya yi mata dogon bayani kan wayar da kan al'umma. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce kan nasu ya waye har ya fara zafi. Surukinta, in ji ta, kwana yake ba barci bayan kowane fim, gobe kuma da asuba yana riƙe da wuƙa a wurin aiki.

"Farfesa, yaran naka suna da kirki. Bara wata daga cikinsu ta rungume ni tana kuka, sai da na rarrashe ta a kan wahalata."

Ya so ya ambaci tallafin, sai ya fasa. Ya ja kujera ya zauna kusa da tukunyar.

"Doña, wane irin fim kuke so ku gani?"

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce na 'yan kokawa masu rufe fuska, wanda babu mai mutuwa. Ta kuma ce a layin gaba zai zauna, inda za ta riƙa ganin ƙeyarsa.