Ƙarfen Tagar Inna

Duk unguwar an san mai walda da abu ɗaya: in ya haɗa ƙarfe, ya haɗu ke nan. Shi ma ya san an sani, shi ya sa yake tafiya yana buɗa kafaɗa kamar shi ya ƙirƙiro rodi.

Da ɓarayi suka shiga gidan mahaifiyarsa ta taga suka ɗauke talabijin, sai ya ɗauki abin cin fuska gare shi. Ya kwaso rodi mafi kauri a shagonsa, ya bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya ya datse, ya kafa ƙarfen cikin bango, ya bi da siminti. Har ƙofar baya ya liƙe da walda, wai ƙofa biyu gayyatar ɓarawo ce.

Ƙanwarsa, wadda ke zaune da tsohuwar, ta ce, "Yaya, da ka bar wa tagar Inna 'yar ƙofa mai sakata ta ciki. Saboda halin rayuwa."

"Ke dai tsaya kan girkinki," in ji shi. Inna tana gefe tana dariya, tana sa masa albarka.

Wata rana da hantsi abin ya faru. Ƙanwar tana guga a falo aka ɗauke wuta, ta bar dutsen gugar a jone kan kujera, ta leƙa kasuwa. Aka kawo wuta ba ta nan. Ɗakin Inna a bayan falo yake, falon ne kuma kaɗai hanyar fita.

Da aka kira shi, a guje ya zo da injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Ya tarar ƙofar falo ta zama bakin murhu, maza sun taru a tagar Inna suna dukan rodi da guduma. Yatsunta na riƙe da ƙarfen, hayaƙi na fita ta saman kanta.

"Babba, kai ne?"

"Ni ne, Inna. Yanzu zan fito da ke."

Ya ja waya zuwa gidan maƙwabta ya jona. Injin bai ce uffan ba. Ashe tun tashin gobarar aka tsinke wutar layin, don kada ta ci gidajen kusa. Ya yi jifa da injin, ya fizgi guduma. Ya san inda haɗin ƙarfe kan yi rauni, nan ya dinga duka, amma wuraren shi da hannunsa ya maimaita musu walda don kada su yi raunin. Yana cikin duka ya ga yatsun sun saki.

Bayan kwanaki ya buɗe shago, ba don yana marmarin aiki ba, zaman gida ne ya gagare shi. Ya tsani hannuwansa, ya tsani ƙarar ƙarfe. Yana zaune sai ga wani maƙwabcin Inna, cikin waɗanda suka riƙe guduma ranar. Ya yi masa ta'aziyya, sannan ya matso.

"Wallahi maigida, na ga aiki ranar nan. Mu nawa muka taru a kansa, ko gezau. Irinsa nake so ka yi min a ɗakin yara."

Mai walda ya ɗago ya dube shi.

"Su nawa ne a ɗakin?"

"Huɗu, da jaririya. Amma mai kaurin nan fa nake so, kada ka rage min."