Karsanar Khaulat

Malam Yahuza ya ɗaga wayarsa sama, 'yan aji suka miƙe suna leƙe. Wani koren layi ne a fuskar wayar, sai hawa yake yi.

"Wannan shi ne hannun jari," in ji shi. "Wanda ya zuba yau, kafin damina ya ninka."

Ba mugun mutum ba ne Malam. Duk abin da ya sani game da harkar, a wayar nan ya tsinta, a bakin mutanen da ko fuskarsu bai taɓa gani ba. Shi ma babur ɗinsa ya sayar ya zuba, yana zuwa makaranta a ƙafa daga Limawa yana fara'a.

Khaulat, 'yar ajinsa mai shekara goma sha shida, abu ɗaya ta mallaka a duniya: karsanar da kakarta Dada ke yi mata kiwo a wani ƙauye kusa da Jahun, jikar saniyar da aka ba Khaulat ranar suna.

* * *

"Su waye mutanen?" Dada ta tambaya, da Khaulat ta kai mata maganar. "A ina rugarsu take?"

"Kamar ba da kiwo ne, Dada. Mu sayar, mu ba su kuɗin su juya. Kafin damina karsana biyu zan kawo miki."

Ba da kiwo kam Dada ta san shi tun tana budurwa, ba a taɓa cin amanarta ba. Kuma ai malami ne ya faɗa. Ranar kasuwa aka ja karsana.

* * *

Wata biyu bayan nan, manhajar wayar da suka zuba kuɗinsu a ciki ta ƙi buɗewa. Ba ofis, ba lamba, ba wanda za a riƙe wa riga. Malam ya shigo aji ya kasa haɗa ido da kowa, har Khaulat ta ji tausayinsa ya fi haushinsa yawa.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa ƙauye, tana ta bitar yadda za ta faɗa. Ta tarar da Dada a gindin darbejiya tana tufka igiya. Wata sabuwa na ajiye a gefenta, an gama.

"Ga attajira ta iso. Kin ga igiyar karsana ɗaya ta kammala, wannan ta ɗayar ce. Bar tsayuwa, kama mini bakin nan."

Khaulat ta durƙusa ta kama. Dada ta ci gaba da tufka.