Fulogi Shida da Fulogi Huɗu

Ranar da Maigida ya ce makarantarmu ta koyon tuƙi ba za ta iya riƙe mota biyu ba, dariya na yi. Ɗaya za a sayar, kuma malamin da ke koyarwa da ita aikinsa ya ƙare. Mu biyu ne dama, ni da Sarkin Birki, mutumin da na tsani ko jin tarinsa.

"Gobe ku fito da su a gwada, a ga wadda ta fi," in ji Maigida.

Wadda ta fi? Haba! Tawa baƙa ce, fulogi shida, giya biyar, bodi kamar tukunyar ƙarfe. Ta shekara talatin, amma in ka taka totur sai ta manna ka da kujera. Tasa kuwa wata fara ce mai fulogi huɗu, salansar hayaƙinta ɗaure da waya.

"Ka fara neman aiki, malam," na ce masa a bakin gareji.

"Taka shan mai take kamar rijiya ta tsage," ya ce. "Ɗalibai tsoronta suke ji."

"Taka kuma ko akuya sai ta wuce ta."

"Baki dai shi ke yanka wuya."

Na yi tsaki, na ba shi waje.

Da safe Maigida ya zo da wani mai ƙaton tumbi, ya ce ya san mota, shi zai duba. Farar ya fara shiga, Sarkin Birki na tuƙi. Wayyo, abin kunya! A hawan da ke bayan gareji sau biyu tana mutuwa, giya na ƙara, Sarkin Birki sai haƙuri yake bayarwa. Na riƙe ciki don dariya.

Da aka zo kaina, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaura bel." Na haye tudun nan a giya uku, ko nishi ba ta yi ba. Na buɗe masa bonet, na nuna masa injin da ba a taɓa saukewa ba. Na rantse masa lagireto bai taɓa tafasa ba. Batun shan mai kuwa na haɗiye shi. Wallahi ko 'yata ban taɓa yabo haka ba.

Mutumin ya shafa bodin, ya juya wajen Maigida.

"Baƙar nake so. Waccan ko kyauta ba na ɗauka."

Sai da na maimaita maganar a raina kafin ta shige ni. Ashe mai saye ne.

Sarkin Birki ya shiga fararsa, ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi lafiya lau. Ya haye tudun ya sauko, ko tari ba ta yi ba. Ya tsaya daidai ƙafata, ya leƙo ta taga.

"Kai wa ka taɓa gani ya sayi gurguwa?"

Maigida ya miƙo mini hannu, bai ko dubi idona ba.

"Kawo makullin," ya ce.